Johannes Kepler: masanin taurarin da minti takwas suka sa ya rushe aikinsa da hannunsa

Duk ɗalibin da ya kai ajin Terminale a ɓangaren kimiyya, ko a Marwa yake ko a Njamena ko a Damagaram, ya ci karo da dokokin Kepler guda uku a darasin fizik. Malam zai rubuta su a allo cikin layi uku, a kwafa, a haddace saboda jarrabawar Bak, a wuce. Wanda ya gan su a tsare haka sai ya ɗauka wani mai kaifin basira ne ya zauna dare ɗaya ya fitar da su. Alhali tsakanin wadda ya fara ganowa da ta ƙarshe akwai kimanin shekara 16, kuma mai su ya same su ne a hanyar neman wani abu dabam wanda bai taɓa samu ba, domin babu shi.

An haifi Johannes Kepler ranar 27 ga Disamba 1571 a Weil der Stadt, wani ƙaramin gari kusa da Stuttgart, a kudancin Jamus ta yau. Kakansa ya taɓa zama magajin garin, amma kafin zuwan jikan arzikin gidan ya fara zubewa. Ubansa Heinrich sojan haya ne, duk inda ake yaƙi ana biya can za a same shi, har wata rana ya tafi bai dawo ba. Uwar, Katharina, ƴar mai masaukin baƙi ce, ta san ganyaye da saiwoyi, tana haɗa wa mutane magani. Agana ta kama yaron tun yana ƙarami, ta bar shi da raunin gani da hannuwa marasa ƙarfi. Wato mutumin da zai bayyana wa duniya tafiyar taurari bai taɓa iya kallonsu da kyau ba. Duk da haka ya riƙe abu guda daga yarintarsa: a 1577 uwarsa ta kai shi kan tudu ya ga babbar tauraruwa mai wutsiya da ta bayyana a shekarar.

Sarakunan Württemberg suna da tsarin ɗaukar nauyin karatun yara masu ƙoƙari don su zama limaman cocin Luther. Ta wannan ƙofa Kepler ya shiga jami'ar Tübingen a 1589, da niyyar zama fasto. A can ya haɗu da malamin lissafi Michael Mästlin, wanda yake koyar da tsohon tsarin falaki a aji, amma yana buɗe wa ɗaliban da ya yarda da su sabon.

Tsohon tsarin shi ne na Ptolemy, wanda littattafan Larabci ke kira Baɗlaimus: ƙasa tana tsaye a tsakiya, rana da wata da taurari biyar masu yawo suna kewaya ta. Malamanmu na zaure sun san biyar ɗin da sunayen Uɗaridu, Zuhura, Mirrihu, Mushtari da Zuhalu. A lakkol kuma ana cewa Mercure, Vénus, Mars, Jupiter da Saturne. Matsalarsu ita ce ba sa tafiya salin-alin. Mars, alal misali, kusan duk wata 26 sai ya tsaya, ya koma da baya na ƴan makonni, sannan ya ci gaba. Don a bayyana wannan sai aka ɗora da'ira a kan da'ira. Masanan Musulmi irin su Nasiruddin al-Ɗusi a Maraga da Ibn al-Shaɗir a Dimashƙa sun ga kurakuran Ptolemy sun kuma gyara masa lissafi da dabaru masu zurfi. A 1543 Copernicus, ɗan ƙasar Poland, ya mayar da rana tsakiya, ya ce komawa bayan da Mars ke yi gani ne kawai, kamar yadda motar da aka wuce a hanya take zama kamar tana ja da baya. Amma dukkansu, har da Copernicus, sun haɗu a kan abu ɗaya da ba a taɓa shi ba tun zamanin Girkawa: abin da ke sama cikakke ne, saboda haka dole tafiyarsa ta zama cikakkiyar da'ira, da gudu iri ɗaya.

Kepler ya karɓi Copernicus hannu biyu, kuma dalilinsa na farko na addini ne. A ganinsa rana, mai ba da haske da ɗumi, ita ta cancanci zama a tsakiyar halitta.

Tambayar da ya yi a Graz

Bai kammala karatun limanci ba. A 1594 jami'a ta tura shi birnin Graz na Ostiriya ya koyar da lissafi a makarantar mabiya Luther. Ba ya so, amma wanda aka ɗauki nauyinsa ba shi da ta cewa. Koyarwar ba ta karɓe shi ba. Ɗalibai kaɗan suka zo a shekarar farko, a ta biyu kuma darasin ya watse. Cikin aikinsa har da rubuta kalandar shekara mai hasashen abin da zai faru. A ta 1595 ya yi hasashen sanyi mai tsanani da harin Turkawa da boren manoma, duka kuwa suka auku, sunansa ya fito. Har ƙarshen rayuwarsa duban taurari ga manya ya riƙa cika masa tukunya idan albashi ya maƙale. Yana raina masu yin sa don yaudara, amma bai taɓa daina yarda cewa sama tana da wani tasiri a kan ƙasa ba, kuma bai kamata a wanke shi daga wannan don ya dace da zamaninmu ba.

A watan Yuli 1595, yana cikin zana wa ɗalibai wani zane a allo, wata dabara ta faɗo masa. Tambayar da ke cinsa ita ce: me ya sa duniyoyin da ke kewaya rana shida ne, ba bakwai ko ashirin ba, kuma me ya sa tazarar da ke tsakaninsu take yadda take? Tun zamanin Girkawa an tabbatar cewa siffofi masu jiki waɗanda duk fuskokinsu da kusurwoyinsu suke iri ɗaya guda biyar ne kacal. Ɗaya shi ne mai fuska shida, kamar dunƙulen magi. Sauran suna da fuska 4, 8, 12 da 20. Duniyoyi shida suna da gurabe biyar a tsakaninsu. Siffofi biyar, gurabe biyar. Sai Kepler ya jera su ɗaya cikin ɗaya, mai fuska shida tsakanin Saturne da Jupiter, mai fuska huɗu tsakanin Jupiter da Mars, haka har zuwa Mercure, ya ga tazarar ta kusa dacewa da ta Copernicus. Ya ɗauka ya ga taswirar da Mahalicci ya gina duniya a kanta. Ya buga wannan a 1596 cikin littafinsa na farko, Mysterium Cosmographicum.

Ra'ayin ba daidai ba ne ko kusa. Duniyoyin ba shida ba ne. An gano Uranus a 1781, Neptune a 1846. Amma cikin littafin akwai wata tambaya ta biyu mai amfani. Kepler ya lura cewa duk duniyar da ta fi nisa da rana ta fi nawar tafiya, ya ce watakila akwai wani ƙarfi da ke fitowa daga rana yana tura su, yana raguwa da nisa. Kafin shi masana falaki suna tambayar ina tauraro zai kasance. Shi ya ƙara da tambayar me ke motsa shi.

Kusan dacewa kuma bai ishe shi ba. Yana bukatar awo mafi inganci, kuma mutum ɗaya ne a Turai yake da shi.

Zama da Tycho

Tycho Brahe basarake ne ɗan ƙasar Danmak, mai dukiya da zafin rai, wanda ya rasa wani ɓangare na hancinsa a faɗan takobi yana ɗalibi, ya riƙa sa na ƙarfe. Sarkin Danmak ya ba shi tsibirin Hven a 1576, ya gina wurin duban taurari da manyan kayan awo na katako da tagulla, ya yi shekara 20 shi da mataimakansa suna rubuta matsayin taurari dare bayan dare. Ba a ƙirƙiro madubin hangen nesa ba tukuna, da ido aka yi komai. Da ya ɓata da sabon sarki sai ya bar ƙasar, a 1599 ya zama masanin lissafin fadar Sarki Rudolf na biyu a Prag.

A daidai lokacin zaman Graz ya gagari Kepler. Ya auri Barbara Müller a 1597, ƴaƴansu biyu na farko suka rasu suna jarirai. Mai mulkin yankin, Ferdinand, ya ƙudura mayar da kowa Katolika, a 1600 aka ba mabiya Luther zaɓi: su sauya ko su fita. Kepler ya ƙi sauyawa. Ya riga ya gana da Tycho a watan Fabrairun shekarar a gidan sarauta na Benátky kusa da Prag, don haka can ya nufa da iyalinsa.

Zaman doya da manja suka yi. Tycho yana da nasa tsarin, inda duniyoyi ke kewaya rana, ranar kuma tana kewaya ƙasa, yana so Kepler ya tabbatar masa da shi, kuma yana tsoron kada yaron ya kwashe alƙalumansa ya gina wa Copernicus gida da su. Sai ya riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. Abin da ya sakar masa shi ne lissafin Mars, wanda ya gagari babban mataimakinsa. Ana ba da labarin cewa Kepler ya cika baki zai gama cikin kwana takwas. Sai da ya ci masa shekara biyar da ɗoriya.

Tycho ya rasu ranar 24 ga Oktoba 1601, bayan kwana biyu aka naɗa Kepler a gurbinsa. Littattafan awon, a shari'a, na magada ne. Kepler ya riƙe su bai jira izini ba, abin da ya jawo masa rigimar shekaru da surukin marigayin.

Minti takwas

Nan ne zuciyar labarin, kuma sai an san ma'aunin kafin a gane shi. Ana raba kewayen sama digiri 360, kowane digiri kuma minti 60. Waɗannan mintoci na faɗi ne, ba na agogo ba. Wata ɗan daren goma sha huɗu faɗinsa kusan minti 30 ne. Wanda ya miƙe hannu ya ɗaga ƙaramin yatsa zai rufe shi gaba ɗaya. Awon mutanen da yakan kauce da minti 10 ko fiye. Na Tycho bai cika wuce minti 2 ba.

Kepler ya fara da da'ira kamar kowa. Ya ɗauki lokuta huɗu da Mars ya yi daidai da ƙasa da rana, ya nemi da'irar da za ta bi ta kansu. Babu hanyar kai tsaye. Sai dai a yi zato, a lissafa da hannu, a ga kuskure, a gyara zaton, a sake. Da kansa ya rubuta cewa ya maimaita wannan aiki aƙalla sau 70. Daga ƙarshe ya samu da'irar da ta dace da sauran irin waɗannan lokuta cikin minti 2. Kowane masani na zamanin da nan zai tsaya ya buga littafi. Shi kuwa ya gwada ta da wasu alƙaluman Tycho da bai yi amfani da su ba, ya ga nisan Mars daga rana bai fito daidai ba. Da ya gyara wannan, sai matsayin Mars a wasu sassan falakinsa ya kauce da minti 8.

Minti 8 kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na faɗin wata. Yana iya ɗora laifin a kan mataccen da ba zai tashi ya kare kansa ba, ya ce Tycho ne ya yi kuskure a wancan daren. Babu wanda zai kama shi. Amma ya zauna da mutumin, ya ga kayan aikinsa, ya san ba ya kuskure mai girman haka. Sai ya yanke cewa laifin na da'irar ne, ya ajiye aikin shekara biyu ya koma farko. A tarihin kimiyya ba a cika samun wuri guda da za a nuna da yatsa a ce nan abu ya sauya ba, amma wannan yana cikin ƴan kaɗan ɗin.

Ya fara da tambayar ƙasa kanta, tunda daga kanta ake awon kuma tana tafiya. Dabarar da ya yi tana da kyau ƙwarai. Mars yana kammala kewayensa cikin kwana 687, wato duk bayan kwana 687 yana wuri ɗaya, ƙasa kuwa tana wani wurin dabam. Sai ya tsamo awon da ke da wannan tazara a tsakaninsu, ya mayar da Mars tamkar dogon rimi da mai awon gona ke dubawa daga kusurwoyi dabam-dabam don ya san inda shi kansa yake tsaye. Sakamakon ya nuna ƙasa tana ƙara gudu idan ta kusanci rana, tana ragewa idan ta yi nisa, kamar sauran duniyoyi.

Daga nan, wajen 1602, ya samo dokar da yau ake kira ta biyu, ko da yake ita ce ta fara zuwa. A ɗauka akwai igiya daga rana zuwa duniyar da ke tafiya. Filin da igiyar ta share cikin wata guda daidai yake da wanda za ta share a kowane wata. Idan duniyar tana kusa, filin gajere ne mai faɗi. Idan tana nesa, dogo ne siriri. Kamar gonaki biyu masu siffa dabam amma girmansu ɗaya.

Saura siffar hanyar. Ya ga ta fi da'ira matsewa a gefe biyu, sai ya zaci siffar ƙwai ce, ya ɓata fiye da shekara yana fama da lissafin ƙwai. Abin dariya, ya riƙa amfani da siffar elips a matsayin abin sauƙaƙa lissafi yana ajiye ta, bai kawo cewa ita ce amsar ba sai a 1605. Elips ba baƙuwar aba ba ce. Akuyar da aka ɗaure a turke ɗaya, idan ta ja igiya ta zagaya, da'ira za ta zana. A kafa turaku biyu, a ɗaura bakin igiya ɗaya a kowanne, a ja ta da tsinke a zagaya, abin da zai fito a ƙasa shi ne elips. Dokar farko ta ce kowace duniya tana bin irin wannan hanya, rana tana zaune a gurbin turke ɗaya, gurbin ɗayan kuma babu komai.

Matsewar ƙarama ce ainun. A falakin Mars bambancin tsawo da faɗi kusan kashi 4 ne cikin 1,000, wanda ido ba zai gani a takarda ba. Abin da ya fi fitowa shi ne kaucewar rana daga tsakiya: Mars yana kusantarta zuwa kilomita miliyan 207, yana nisa zuwa miliyan 249. Kepler ya yi sa'ar samun Mars, don da Vénus aka ba shi, wadda hanyarta kusan cikakkiyar da'ira ce, da bai ga komai ba. Ƙasa kuma ta fi kusa da rana a farkon Janairu, kilomita miliyan 147, ta fi nisa a farkon Yuli, miliyan 152. Wato muna kusa da rana ne a tsakiyar hunturu, lokacin da ake jin ɗumin wuta da asuba, abin da ke nuna cewa karkatar ƙasa ce ke kawo sauyin yanayi, ba nisa ba.

Littafin, Astronomia Nova, bai fito ba sai 1609 saboda rigimar magada da rashin kuɗi. Ba a rubuta littafin kimiyya kamarsa ba a zamanin: duk hanyar da ya bi ta ɓace sai da ya ja mai karatu ta cikinta. Duniya kuwa ba ta girgiza ba. Malaminsa Mästlin bai ji daɗin cusa maganar ƙarfi da sababi cikin ilimin falaki ba. Galileo, wanda Kepler ya fito fili ya goyi bayansa a 1610 lokacin da ya ga watannin Jupiter da madubin hangen nesa, ya mutu yana riƙe da da'ira.

A shekarun Prag ɗin bai tsaya kan Mars kaɗai ba. A 1604 ya buga littafi kan haske da gani, yana ɗorawa a kan aikin da asalinsa ke komawa ga Ibn al-Haisam, ya nuna cewa hoto yana sauka ne a bangon bayan ido, a kife. A 1611 ya tsara madubin hangen nesa mai gilasai biyu masu tudu. Kalmar satellite ma, wadda Faransanci ya gada, shi ya fara sa wa watannin Jupiter.

Shari'ar uwarsa

Shekarar 1611 ta zo masa da duhu. Agana ta kashe ɗansa Friedrich mai shekara 6, Barbara ta rasu a watan Yuli, aka ƙwace mulkin Bohemiya daga hannun Rudolf, wanda shi ma ya rasu a farkon 1612. Kepler ya koma Linz. A can faston cocinsa ya hana shi cin jibin Ubangiji don ya ƙi sa hannu a kan wata takardar aƙida da bai yarda da duk abin da ke cikinta ba. Katolika sun kore shi don shi ɗan Luther ne, ƴan Luther kuma sun ware shi don bai cika ba. Ya sake aure a 1613, ya auri Susanna Reuttinger.

A 1615 wata mata a garin Leonberg mai suna Ursula Reinbold ta ce Katharina Kepler ta ba ta wani abin sha da ya sa mata ciwo. Magana ta bazu, kowa ya tuno saniyarsa da ta mutu ko ƙafarsa da ta yi tsami bayan tsohuwar ta wuce. Tsohuwa ce mai kaifin baki, ba miji, ta san magani, wato irin matar da zargin maita ya saba faɗa wa, a Jamus ta wancan ƙarni ko a garuruwan da har yau mata ke gudun hijira zuwa Gambaga a arewacin Gana. A Turai ta lokacin hukuncin kisa ne, kuma dubun-dubatar mutane, galibinsu mata, sun mutu a haka.

An ja shari'ar shekara shida. A watan Agusta 1620 aka kama ta da dare a gidan ƴarta, aka fitar da ita cikin akwati don kada a tara jama'a. Ta haura shekara 70. Ta yi wata 14 a ɗaure da sarƙa, kuɗin masu gadinta ma a kan dukiyarta aka ɗora. Cikin hujjojin da aka kawo har da cewa ba ta yi kuka a gaban kotu ba. Kepler ya bar aikinsa ya tafi Württemberg ya tsaya mata. Ya bi zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya bi Mars: wa ya gani, yaushe, shekarunsa nawa a lokacin, wace cuta ce sananniya ke kawo irin wannan ciwo. Takardar kariyar ta wuce shafi 100. A ƙarshe aka yanke a kai ta ɗakin azaba a nuna mata kayan, a bayyana mata aikin kowanne, ko tsoro zai sa ta amsa. Ta ce ko za a zare jijiyoyinta ɗaya-ɗaya ba ta da abin da za ta amsa, ta durƙusa ta yi addu'a. Aka sake ta a Oktoba 1621. Bayan wata shida ta rasu.

Doka ta uku da jadawalin

Cikin wannan ruɗani ne ya samo amsar tambayarsa ta Graz, ta dangantakar nisa da gudu. Ta faɗo masa ranar 8 ga Maris 1618, ya yi kuskuren lissafi ya watsar da ita, ta dawo ranar 15 ga Mayu. Bayan kwana takwas aka jefo wakilan sarki ta taga a Prag, Yaƙin Shekara Talatin ya fara.

Dokar ta fi sauƙi da misali. A ɗauki nisan ƙasa daga rana a matsayin 1, shekararta ma 1. Jupiter yana nisan 5.2, yana kewayawa cikin shekara 11.86. A ninka 5.2 da kansa sau uku, a samu 140.6. A ninka 11.86 da kansa sau biyu, a samu 140.7. Haka yake ga kowace duniya. Ya binne wannan cikin littafin Harmonices Mundi na 1619, wanda akasarinsa bayani ne kan amon kiɗan da yake ganin duniyoyi suna yi da gudunsu. Siffofinsa biyar ma bai taɓa sakinsu ba. A 1621 ya sake buga littafinsa na farko da ƙarin bayani. Bambancinsa da sauran masu mafarki shi ne duk inda mafarkin ya ci karo da awo, awon yake rubutawa.

Sababin da ya bayar, wani ƙarfi irin na maganaɗisu da ke tura duniyoyi, bai tsaya ba. Sai a 1687 Isaac Newton ya nuna cewa dokokin uku duka suna fitowa daga ƙarfin jan da ke tsakanin abubuwa. Suna aiki kuma a kan duk abin da ke kewaya wani. Tashar sararin samaniya da ke nisan kusan kilomita 400 tana zagaya ƙasa cikin minti 90 da ɗan kai. Wata, a nisan kilomita 384,000, yana ɗaukar kwana 27. Tsakaninsu akwai nisan da kewaye ke cin yini guda cif, kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Can ake ajiye taurarin ɗan'adam na talabijin, shi ya sa farantin parabol da ke kan rufi ake saita shi sau ɗaya a ɗaure.

Aikin da aka ɗauke shi dominsa tun farko shi ne jadawalin matsayin duniyoyi da Tycho ya yi wa Rudolf alkawari. Dabarar logaritim da John Napier ya fitar a 1614 ta rage masa wahala, amma yaƙi ya ƙara. A 1626 manoma masu bore suka yi wa Linz ƙawanya, gidan ɗab'in ya ƙone. Ya loda rubutunsa ya tafi Ulm, ya buga Jadawalin Rudolf a 1627, mafi yawan kuɗin daga aljihunsa. Fadar sarki kuwa tana riƙe masa da bashin albashi na kusan gulden 12,000. Aka miƙa shi ga janar Wallenstein, wanda duban taurari ya fi damunsa da ilimin falaki, shi ma bai biya ba.

A kakar 1630 ya hau doki ya nufi Regensburg, inda manyan daular ke taro, don ya bi haƙƙinsa. Zazzaɓi ya kama shi bayan isarsa, ya rasu ranar 15 ga Nuwamba yana da shekara 58. Aka binne shi a wajen ganuwa, bayan ƴan shekaru yaƙi ya share makabartar, har yau ba a san kabarinsa ba.

Kafin rasuwarsa ya buga sanarwa cewa, bisa jadawalinsa, Mercure zai gifta ta gaban rana ranar 7 ga Nuwamba 1631, abin da ba wanda ya taɓa gani. Da yake bai gama amincewa da lissafin wannan duniyar ba, ya shawarci masu kallo su fara tun kafin ranar, su kuma ci gaba bayanta. A Paris, Pierre Gassendi ya duhunta ɗaki ya saukar da hoton rana a kan farar takarda ta madubin hangen nesa. Gajimare ya hana shi gani a kwanakin farko. Da safiyar 7 ga wata rana ta leƙo, ya ga wani ɗigo baƙi, ƙarami har ya ɗauka tabon rana ne. Sai da ya auna shi sau da yawa ya ga yana tafiya da saurin da tabo ba ya yi. Tazarar da ke tsakanin lissafin Kepler da abin da Gassendi ya gani ƴan sa'o'i ce.